Danshin Kujerar Gaba

Ranar da abin ya faru, daga asibitin Kano suke dawowa. Marka tana kujerar gaba, ta juyar da fuskarta wajen taga kamar yadda ta saba. Ɗanta Malam Tasi'u ne ke tuƙi, matarsa Badi'a tana baya, barci ya ɗauke ta tun kafin su fita daga gari.

Ciwon suga ne da Marka. Mai wannan ciwo kuwa ba ya rabo da ƙishirwa, in ya sha kuma ba ya rabo da zagayawa. Tun a layin karɓar magani ta shanye gorar ruwanta, ga shi yanzu mararta ta cika tam. Abin da za ta ce bai wuce a ɗan tsaya ba. Amma Tasi'u ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakar idonsa ba, magana in ba gaisuwa ba sai ta hannun wani. Haka ta ga iyayenta sun yi a ƙauyensu Durun, haka ta yi. To, ta ina za ta buɗe baki ta ce wa wannan tana jin fitsari?

Ta ɗan waiga ko Badi'a ta farka. Baki ma a buɗe take barcin. Marka ta matse cinyoyinta, ta ciji bakin mayafi, tana ta salati a zuci. Suna gab da Kabo motar ta faɗa wani rami, sai ta ji ɗumi ya sauko mata. Ba mai yawa ba ne, zaninta biyu sun tare mafi yawansa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ba su yi nisa ba motar ta yi wata irin zabura, wata 'yar fitila a gaban direba ta shiga ƙyaftawa. Tsohuwar mota ce 'yar Kwatano, otomatik, irin mai canja giya da kanta. Yanzu ta ƙi canjawa. Inji na ta kururuwa, tafiya kuwa ba ta fi ta amalanke ba. Haka suka rarrafo har Gwarzo, masu babur na wuce su suna waige. Da Marka ta fito a ƙofar gida, Badi'a ta ga tabon a kan kujera. Ta riƙe haɓa.

Bakanike ya zo ya duba man giya, ya shinshina, ya ce lafiya lau yake, wannan ciwon na wuta ne, a kira riwaya. Aka kira Nata'ala, mai gyaran wayoyin mota a bakin tasha.

Ɗakin Marka shi ne na jikin zaure, 'yar tagarsa tana kallon gindin darbejiyar da ake ajiye motar. Duk abin da aka faɗa a wajen a kunnenta yake.

"Malam, in za ka tashi, nauyi take yi?" in ji Nata'ala.

"Kamar an ɗaure mata dutse."

"To ta maƙale a giya ɗaya. Akwai ɗan akwatin da ke gaya mata yaushe za ta canja, mu ƙwaƙwalwa muke ce masa. In ya ji abin da bai gane ba, sai ya kama giya guda ya riƙe, har a zo a lallashe shi."

"Mota ma da ƙwaƙwalwa?"

"Ta fi ta wasu fasinjojin ma. Murɗa min makulli, kar ka tayar."

Ya fito da ƙwan fitila mai 'yar waya a gindi, ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, ƙwan na kamawa. Ya kankare kan batir. Ya kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ya goge tsatsarta ya mayar. Ya kwanta a ƙasa ya zare soket ɗin da ke jikin giya, ya hura, ya mayar. Duk abin da ya taɓa sai su zaga unguwa su dawo, Marka kuwa tun daga kwana take jin kururuwar injin, ta san ba a dace ba. Kashegari ya kawo wani ɗan ƙarfe na gwanjo da ya ce shi ke auna gudu, ya canja. Fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa.

"Saura ƙwaƙwalwar kanta," in ji shi. "A irin wannan, ƙarƙashin ƙafar mai zaman gaba take."

Marka ta ji an buɗe ƙofar da take shiga. Ta ji ƙarar ɓamɓare kafet. Sai ta ji muryar Nata'ala.

"Kai, Malam, ai nan fadama ce. Taɓa ka ji. Dubi bakin soket ɗin, duk ya yi kore. Me ke zuba a nan?"

Daidai lokacin Badi'a ta kawo musu ruwan sha bakin zaure. Marka ta kasa kunne ta ji abin da ɗanta zai ce. Bai ce komai ba. Badi'a ce ta ja dogon numfashi ta ce, "Hmm. Allah dai ya rufa asiri," ta juya cikin gida.

Nata'ala ya ciro akwatin, ya wanke bakinsa da fetur da tsohon burushin haƙori, ya shanya a rana kan murfin inji. Da la'asar ya mayar, mota ta tashi sumul, tana canjawa kamar ba ita ba.

Badi'a ba muguwar mace ba ce. Ita ke wanke wa Marka kaya, ita ke dama mata kunu ba suga. Amma ta gaji, kuma bakinta ba ya riƙe magana. Ta faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga, wai don a taya ta da addu'a. Kafin Juma'a duk matan layin sun san tsohuwar gidan Malam Tasi'u ta jiƙa mota har ta kashe mata ƙwaƙwalwa. Masu zuwa dubiya suka ƙaru. Su gaishe ta, idonsu na kan tabarmar da take zaune. Jikokinta, da a da take zolaya tana ce musu mazajenta marasa cefane, suka samo sabuwar tsokana.

"Tsohuwa mai kashe mota, yau wacce za ki kashe?"

Wasan jika da kaka ne, ba a hana shi. Marka ta yi dariyar da za ta iya, ta ce, "Ku kawo ta ubanku ta biyu ku gani." Da suka fita ta juya ga bango.

Daga ranar ta fara rage ruwa. Da safe ta kurɓa kaɗan ta haɗiye magani. Da rana in ƙishirwa ta matsa mata, ta jiƙa bakin mayafi ta tsotsa. A ganinta, in babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita ya kunyata ta.

Watan komawa asibiti ya zo ya wuce. Ta aika Badi'a ta tambayi mai gidan. Amsa ta dawo cewa motar ba ta gama warwarewa ba, ba a yi mata doguwar tafiya. Ta ce ko motar haya? Badi'a ta ce, "Haba Inna, a cikin mutane? In abin ya zo miki a hanya fa? Mu dai a rufa wa juna asiri." Tasi'u ya kai tsohon kwalin magani kemis aka ba shi irinsa. Ba wanda ya auna jininta.

Motar da ba a yi wa doguwar tafiya kuwa, kullum ana idar da sallar asuba take fita. Malam Tasi'u malamin makaranta ne, kuma yana cikin kwamitin unguwa da aka kafa da zuwan Shari'a. Mutum ne da ake ba wa sahun gaba. Lokacin kuwa albashi sai ya ga dama yake zuwa, fetur ya yi tsada, kwanon masara ya fi ƙarfin mai iyali. A gida an san cewa taron kwamiti yake zuwa da sassafe.

Ana cikin zafin bazara, wata ranar Talata, Marka ta ji kururuwar nan tun daga kwana. Motar ta sake maƙalewa. Ta fara zargin kanta, sannan ta tuna: rabonta da shiga motar tun waccan rana.

Badi'a ta riga kowa samo bayani. "Ai fitsari gishiri gare shi. In ya kama waya, ci yake yi a hankali."

Nata'ala ya dawo. Wannan karon bai tsaya bin fiyus ba, kai tsaye ya ɓamɓare kafet.

"Malam, zo ka gani. Wannan ruwan na yau ne, da sanyinsa ma. Ga dusar katako duk ta toshe ko'ina. Ƙanƙara kake ɗorawa a nan?"

"Rage murya."

"Ni ina ruwana, sana'a ce. Amma me ya hana ka sa ta a but?"

"But ɗin da yaran kwamitinmu ke buɗewa a hanya suna neman barasa? Su buɗe su ga buhun ƙanƙara, su ce daga ina? Ka san mutum ɗaya ne mai injin da ke daskarar da ita a yankin nan."

Nata'ala ya yi 'yar dariya. "Mai otal ɗin da kuka rufe."

"Firjin da yake sanyaya haram da shi ne yanzu yake yin ƙanƙara. Halal ce, na tambaya. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Cewa za a yi an ga motata a bayan gidan da asuba. Nan gaba nake ajiyewa in rufa babbar riga a kai, in sauke wa masu zoɓo da kunun aya a Kabo. Ba don haka ba da tukunyar gidan nan ta daɗe da kifewa."

"To ai shi ke nan. Zan ɗaga akwatin sama in ɗaure shi bayan dashbod, in naɗe soket ɗin da robar tayar keke, in huda ƙasan nan ruwa ya riƙa zuba. Ka ɗauki kogi ma in ka so." Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai na ji mata na wata magana a kan Inna."

"Maganar mata ce. Yi aikinka."

Marka tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ba ta ja ko ɗaya ba. Da farko wani sanyi ta ji ya ratsa ta, ashe ba ita ba ce. Kafin ta gama jin daɗin wannan, wani abu mai nauyi ya danne shi. Tun ranar farko ɗanta ya sani. Yana tsaye a wajen aka ce nan fadama ce, ya san ruwan mene ne, ya bar matarsa ta ja numfashi. Kunyar da ta kama ta yanzu ta fi ta ranar Kabo, don waccan tata ce ita kaɗai, wannan kuwa ta abin da ta haifa ce.

Da safe, bayan ya dawo daga fitarsa, ya zo gaishe ta kamar kullum. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana kallon bango.

"Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Bai tashi ba. Ta ga inuwarsa a ƙasa, ta ga ya ɗaga kai ya dubi 'yar tagar, ya dubi inda take zaune. Ya gane ta ji.

"Inna, dama maganar motar nan ce."

Ta kasa kunne. Badi'a na tsakar gida tana tankaɗe, za ta ji. Kalma kaɗan ce.

"An gyara ta," in ji shi. "Sai a shirya ranar Litinin a koma asibiti."

Ya miƙe ya fita.

Ranar Litinin Marka ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta dafa bango ta fito zaure. Tun daren jiya ba ta sa ruwa a bakinta ba. Ta tarar Badi'a ta shimfiɗa babbar leda a kujerar gaba, ta ninka tsohon buhu a ƙasa wajen ƙafa, ga matan maƙwabta biyu a tsaye za su yi mata Allah ya kiyaye hanya. Tasi'u yana zaune a mazaunin direba, hannunsa a kan sitiyari, yana kallon gaba.

Marka ta tsaya ta dubi ledar. Ta ce wa Badi'a, "Ki ce masa jiri nake ji. A bari sai wani lokaci."

Aka bari. Aka ce da mutane tsohuwa ce ta ƙi zuwa, kun san rigimar tsufa.

Ƙanwarta Altine ta zo daga Durun ranar kasuwa, da ƙullin daddawa da kuka. Mace ce mai faɗar abin da ta gani. Tana shiga ɗakin ta ajiye kayan ta tsaya.

"Yaya, wa ya shanya ki haka? Dubi leɓenki kamar gonar da aka manta. Ko azumi kike ba a gaya mana ba?"

"Zauna, ke dai ba kya gaisuwa."

"Na gaishe ki a hanya. Ina ruwan shanki?"

Ta ɗebo a randa ta miƙa mata. Marka ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Altine ta tsare ta da tambaya, ta ce labarin motar har Durun ya je, ita kuma ba ta yarda ba, fitsarin tsohuwa guda ba zai kashe abin da Turawa suka ƙera ba. Sai da ta gaji da kaucewa sannan Marka ta gaya mata, a hankali, bayan ta sa ta yi alkawarin ba za ta fitar da maganar ba.

Altine ta miƙe tana gyara ɗaurin zani. "Yanzu zan tsaya a tsakar gidan nan in faɗa."

"Kin yi alkawari."

"Ke ya zuba wa ƙasa a ido, kuma ke ke kare shi?"

"In kin faɗa, me ya rage masa a garin nan? Su cire shi a kwamiti, iyayen yara su ce ba sa son malamin da ake gani a bayan otal. Yaran gidan nan su ci me? Ni na kusa tafiya. Shi yanzu ya fara zama da mutane."

"To ki sha ruwa mana, tunda kin san ba ke ba ce."

"Ni na sani. Su fa? In ya kuɓuce min ko sau ɗaya a kan tabarmar nan, shi ke nan na tabbatar musu."

Altine ba ta faɗa a tsakar gida ba, amma ta tare Tasi'u a zaure da ya dawo daga makaranta. Marka na jin su.

"Tasi'u, ni ba ni da kunyarka, ni na goya ka. Ka shiga ka gaya wa matarka ruwan mene ne a motarka."

"Inna Altine, ni fa ban taɓa cewa ita ce ba. Ko sau ɗaya. A tambayi kowa."

"Ka ce ba ita ba ce?"

"Kin san Badi'a. In ta ji yau, gobe gari ya ji. Maganin da Inna ke sha, da me kike tsammani nake saye? Don su nake yi. Ki bari damina ta sauka, kasuwar ƙanƙara ta mutu, maganar za ta wuce da kanta. Mutane mantuwa gare su."

"Ita kuma ta jira damina da busasshen maƙogwaro?"

"Ki lallashe ta ta sha. Ai ba wanda ya hana ta ruwa a gidan nan."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya hana ta. Randa cike take a ƙofar ɗakinta.

Altine ta kwana biyu tana ɗura mata ruwa da cokali, tana zaginta tana lallashi. Da ta koma Durun duba awakinta, Marka ta koma tsotsar mayafi. Idonta ya faɗa, fatar hannunta in an ja sai ta tsaya a tsaye. Ta fara kiran Badi'a da sunan wata ƙawarta da ta mutu tun tana amarya. Wata ranar da hantsi Badi'a ta kawo kunu ta same ta a kwance, tana numfashi sama-sama, ba ta amsawa.

Aka aika makaranta aka kira Tasi'u. Shi da maƙwabci suka ɗauko ta a tabarma suka kwantar a kujerar baya. Motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Sun wuce Kabo da kaɗan Badi'a, da ke riƙe da kanta a cinya, ta ce, "Malam, tsaya." Ya gangara gefen titi. Suka juyo da ita gida.

A wajen zaman makoki mata sun cika tsakar gida. Suna yi wa Badi'a sannu, suna cewa ta yi jinya, ta yi haƙuri da lalurar da ba kowa ke iya ɗauka ba, Allah ya ba ta lada. Wata ta rage murya ta ce ai irin wannan in ta kama tsoho, tafiyar ita ce rufin asirinsa. Altine na gefe ta haɗa kai da gwiwa. Ta ɗago ta buɗe baki, ta tuna wadda ta yi wa alkawari tana ƙarƙashin ƙasa, babu mai warware mata shi. Ta mayar da kanta.

A waje maza na kan tabarmi a gindin darbejiya. Liman ya yaba wa Malam Tasi'u, ya ce ɗa ne da bai taɓa barin mahaifiyarsa ta hau motar haya ba, samari su yi koyi. Tasi'u ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigarsa, kuma hawayen gaske ne. Kowa na wajen, ga surukai, ga 'yan kwamiti, ga zaure a buɗe mata na ji. Ba a taɓa samun ranar da ta fi wannan sauƙin faɗa ba. Aka shafa fatiha bai faɗa ba.

Marka ta yi shekara saba'in ko fiye ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta aurar, ta yi jego, ta wanke gawa, ta raba faɗan ma'aurata. Amma a layin nan yau in an ambace ta, ba a cewa Marka ta Durun. Cewa ake yi, tsohuwar nan da ta jiƙa mota.